Na Hau Keke a Dajin Ɗa'ifa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Inna? Mu nan unguwar Ka'akiyya, a ƙasa mai tsarki, alhamdu lillahi.

Albishirinka! Ka san tun da hawan jini ya raba ni da turin alhazai a keken guragu nake zaune a gida kamar an gama da ni. To, ranar Asabar maƙwabcina Bashir ya kai ni Ɗa'ifa, ya aro mini keke mai kaurin taya. Hanyar tsakuwa ce a cikin itatuwa, ga iska mai sanyi, babu mota ko ɗaya. Muna gangarowa sai ga birai sun tare hanya. Wallahi ban san lokacin da na daka musu tsawa ba: "Hanya, Alhaji, hanya!" kamar ina cikin cunkoson Mina. Suka kuwa dare. Bashir ya yi dariya har sai da ya sauka daga kekensa.

Yaya, rabin rayuwata ni ke tura wasu. Ranar nan ni aka ɗauka.

A sa ni a addu'a. Ka gaida Inna, ka ce mata autanta bai tsufa ba tukuna.

Ƙaninka,
Habu