Mahaifin Bilya a Babbar Kotu

Zuwa ga Yaya Hansai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da su Yusra. Ya ciwon ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, an yanke wa mijina Yahuza shekara bakwai. Kin dai ji yadda tifarsa ta yashi ta buge wani saurayi mai babur a bakin gada ranar kasuwa. Bilya sunansa, ɗan garin Darki, Allah ya jiƙansa. Ana karanta tuhuma Yahuza ya amsa laifinsa. Lauya ya so a ɗora abin a kan birki, shi kuwa ya ce gudu yake yi, ba zai yi ƙarya a kan rai ba.

Lauyan ya ce tunda ya amsa da bakinsa, babu sauran zancen musu. Abin da ya rage mu ɗaukaka ƙara a kan nauyin hukuncin, ko Babbar Kotu za ta sassauta. Da farko Yahuza ya ƙi, wai kunyar iyayen mamacin yake ji. Sai da na kai masa 'yarmu Khaulat gidan yari, ya ga ta fara tafiya ba ya nan, sannan ya sa hannu.

Ki taya mu da addu'a.

Ƙanwarki,
Rahinatu

Zuwa ga Yaya Hansai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau, da fatan damina ta same ku lafiya.

Yaya, an saurari ƙarar da muka ɗaukaka. Ranar zama a Kano wani dattijo siriri ya shigo da sandarsa ya zauna a bayana. Lauya ya raɗa mini cewa Malam Abdulbaƙi ne, mahaifin Bilya, kuma babu wanda ya kira shi. Na ɗauka ya zo ne don kada a rage hukuncin.

Da mai shari'a ya ba shi izini, sai ya ce ba da jimawa ba masu sayar da kifi a bakin gada suka ba shi labarin ranar. Lokacin da jama'a suka taso da sanduna, Yahuza bai gudu ba. Zama ya yi a kan kwalta, ya ɗora kan Bilya a cinyarsa, ana dukan bayansa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Dattijon ya ce shi ya yafe, yana roƙon kotu ta tausaya wa wanda ya yi wa ɗansa abin da shi bai samu ikon yi ba. Ni da nake matarsa, Yahuza bai taɓa gaya mini wannan ba.

An mayar da hukuncin shekara biyu, an kuma soke lasisinsa.

Na durƙusa zan yi wa dattijon godiya, ya ce in tashi, shi tambaya ɗaya ta kawo shi. Kafin gandirobobi su tafi da Yahuza ya matsa kusa, ya tambaye shi ko Bilya ya samu ƙarasa kalmar. Yahuza yana kuka ya ce ya ƙarasa, a kunnensa. Dattijon ya ajiye sandarsa, ya yi sujada a barandar kotu.

Ki gaishe mini da kowa. Allah ya bar zumunci.

Taki har kullum,
Rahinatu