Wasiƙar Asibiti a Bangon Banɗakin Wiebe

Anti, don Allah ki taimake ni. Ni ne shugaban likitocin zuciya na duk arewacin Holan, amma wannan ta fi ƙarfin karatuna.

Matata Tjitske ta yi gwajin jini. Aka ce mata kitsen jini iri-iri ne, akwai na ci da zama, akwai na gado. Nata na gado ne, mai toshe jijiyar zuciya tun mutum yana da sauran ƙuruciya. Babansu ma shekararsa arba'in da bakwai ya faɗo daga kan keke, bai tashi ba. Aka ɗora ta a kan magani, aka ba ta wasiƙa ta kai wa ƙaninta Wiebe, shi ma a gwada shi.

Ga inda na yi ɓarna. Bara na sa wani abokina ya buga wa Wiebe wasiƙar asibiti ta ƙarya, har da tambari, wai an hana shi cin cuku har abada. Sati uku yana cin burodi gayansa, ina gefe ina ƙunshe dariya. Wasa da ƙanin mata ne fa, Anti! Yanzu ta gaske ta zo, ya liƙa ta a banɗaki kusa da kalandar ranakun haihuwa, yana nuna wa baƙi wai hannuna ya faɗa. Wai shi siriri kamar sanda, kullum a kan keke, ina kitse zai samu wurin zama? Tjitske ta yi kuka a gabansa, ya ce har ita na koya wa. 'Ya'yansa biyu, ƙanana.

Gaskiya ni ba likita ba ne. Kifi nake soyawa a kasuwar Leeuwarden, karatuna na allo ne kawai. Tsoro na ji kada ke ma ki ce wasa nake.

Mai tsokana da dariya ta ƙare masa

Ɗana, tun layin farko na gano ka.

Wiebe yana da hujja, kai ka koya masa raina takarda. Amma zancen siranta ba hujja ba ce. Kitsen gado ba ruwansa da ƙiba, kuma duk wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da mai shi, yiwuwar shi ma ya gada rabi da rabi ce. In ana so a sani, sai an ɗebi jini.

Ka cire bakinka daga batun ciwon. Tjitske ta tafi da shi ranar da za ta koma ganin likita, ya ji da kunnensa. Kai naka ban haƙuri ne, ba tare da murmushi ba. Ka ce masa in gwaji ya fito lafiya lau, ka yarda ya yi shekara yana yi maka dariya a gaban kowa.

Sai ka roƙi Allah ya sa shi ne zai yi dariyar. Allah ya ba Tjitske lafiya, ya raya yaran a gaban ubansu.