Ƙusar da Ta Kashe Komau

Assalamu alaikum, Gwaggo Ma'u. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Juma'ar sama, domin idan na kai ranar da irin zuciyar da nake ciki yanzu, zan yi abin da za a daɗe ana labarinsa a garinmu. Ki yi haƙuri in maganata ta yi tsawo, raina ne a ɓace.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Yasore, a ƙasar Batsari. Shekara uku da suka wuce ɓarayin daji suka kore mana shanu, har da nawa guda huɗu. Bayan kwana tara sa ɗaya ya dawo da ƙafarsa, duk ya rame, ya tsaya a bakin turkensa. Muka sa masa suna Komau. Maƙwabcina Mati shi ma sa ɗaya gare shi, sai muka riƙa haɗa su a karkiya guda, yau a yi huɗa a gonata, gobe a tasa. Da haka gida biyu suke samun abin kaiwa baka.

Da ranin nan Yaya Lado, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya zo daga Katsina inda yake tuƙin mota, ya ce zai rushe tsohon ɗakin ƙasa na marigayi Baba ya gina wa Inna na bulo. Na yi murna, don ɗakin ya tsage, damina biyu muna tokare shi da itace. Aka rushe, aka tara ƙasar a ƙofar gida. Ke kin san darajar ƙasar tsohon bango wajen manomi. Ta sha hayaƙi da toka shekara arba'in, in ka zuba ta a gona dawa har baƙi take yi don ƙoshi. Ga takin zamani ya zama sai kallo, buhu ɗaya ya fi ƙarfin irina. Sai na roƙe shi ya bar mini ita, ya ce in kwashe duka. Sawu goma sha huɗu Komau ya yi da amalanke. Goma sha uku na jibge a gona, ɗaya na zuba kusa da turke, domin na ga yana son lasarta saboda ɗan gishirin da ke cikinta.

Ashe ajalinsa na ajiye masa. Mako biyu bayan haka ya daina cin harawa, ya gantsare baya, in zai kwanta sai ya yi nishi. Na ba shi kanwa, na ba shi saiwar da na sani, na ɗauko malamin dabbobi daga Batsari, ya danna ƙirjin Komau ya girgiza kai. Dole muka sa masa wuƙa kafin ya mutu mushe. Da Ɗanmaraya mahauci ya farke tumbin, sai ga guntayen waya, ga ledar siminti a cure, ga ƙusar kwano mai hula ta huda tumbi ta nufi zuciya. Sa da ya tsere wa bindiga, Gwaggo, ƙusa ta kashe shi a gidana! Naman ma ba mu sami abin kirki a kansa ba, don ba ranar kasuwa ba ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda na ji daga baya. Birkilan da ya yi aikin ya shaida mini cewa tun farko ya ce a ware ƙasa daban, tarkacen rufi daban, amma Yaya ya ce ba shi da lokaci, a share komai a haɗa wuri ɗaya, ai ƙanensa zai kwashe a banza, ya huta da ɗauko tifa. Wato ni ne jujinsa. Ko kalma ɗaya bai ce mini ba game da ƙarafan da ke ciki, alhali shi ma a bayan shanu ya girma, ya san sa ba ya tantance abin da yake haɗiya. Da na same shi da maganar, ko wayar da ke kunnensa bai sauke ba, ya ce ai ni na roƙa, kuma kyauta ba ta zama laifi. Ta'aziyyar ke nan.

Ƙusar tana aljihuna, da ita nake yawo. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, garmata na jingine, Mati kuma na san abin da yake tunani. Matata Uwani tana cewa in bar wa Allah. Na bar wa Allah na ɓarayin daji don ban san fuskarsu ba, wannan kuwa nono ɗaya muka sha.

Ranar Juma'ar za a yi walimar shigar Inna sabon ɗaki. Niyyata in ari san Mati, in kwaso tulin nan goma sha uku in juye su a ƙofar ɗakin gaban baƙinsa, in jefa masa ƙusarsa, daga nan ba ni ba shi. Ko kuwa wajen alƙali zan kai shi? Ki faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Naki,
Mai Garma Ba Sa

Wa alaikumus salam, ɗana Mai Garma.

Allah ya mayar maka da alheri. Wanda bai taɓa riƙe garma ba zai ce dabba ce kawai, ni na san abincin gida biyu ne ya faɗi. Fushinka yana kan hanya. Yayanka ya yi ganganci da ya haɗa ƙusa da ƙasa, ya yi laifi da ya yi shiru, amsar da ya ba ka kuma ta fi su duka muni. Kyauta tana zama laifi idan mai bayarwa ya san abin da ke cikinta ya ɓoye.

Amma ka ce in faɗi gaskiya. Sawu goma sha huɗu ka loda da cebur ɗinka, ba ka ji ƙarar ƙarfe ko sau ɗaya ba? Tsadar taki ta rufe maka ido, garin neman ƙiba ka samo rama. Ina jin rabin wutar da ke cinka ta tulin da ka zuba da hannunka a bakin turke ce, kuma ya fi sauƙi ka ɗora ta duka a kan Lado. Shi ma ka tuna ba gidan kansa ya gina ba. A wannan marra ya matse bakin aljihunsa ya fitar da mahaifiyarku daga ɗakin da kuke tokarewa da itace.

Batun walima, ka ajiye shi. Ƙofar da za ka juye ƙusoshin ta Inna ce, ita za ta taka su da asuba in ta fito alwala. Kuma da wane sa za ka kwaso su? Da na Mati, guda ɗayan da ya rage muku, ka shigar da shi cikin abin da ya kashe naka? Alƙali kuwa, kafin a gama kai da kawo an gama shuka.

Ga abin yi. Yau ɗin nan ka kwashe tulin bakin turke, ka kewaye na gona da ƙaya, kada dabba ko mara takalmi ya kusance su. Ka bi kowane tuli da manjagara, ka tace shi da ragar waya irin wadda birkiloli ke tace yashi, sannan ka samo maganaɗisun tsohuwar lasifika wajen mai gyaran rediyo, ka ɗaura masa igiya ka ja a kai. Ƙarfen ka tara wa 'yan gwangwan. Ɓaraguzan siminti da kwalabe a cike kwazazzabo da su a rufe da ƙasa. Leda a haɗa a binne da zurfi nesa da makiyaya. Abin da ya saura taki ne mai kyau, kada ka yi asara biyu.

Kafin Juma'a ka nemi kawunku ko wani babba da Lado ke jin nauyinsa, ku zauna ku uku a zaure. Ka fito da ƙusar, kada ka jefa, ka sa masa a tafin hannu ka bar shi ya juya ta. Ka faɗi abin da kake so a fili: ya ɗauki nauyin huɗar bana a gonarka da ta Mati, ya sa hannu a sayen ɗan maraƙi in kaka ta yi, kuma ya tuɓe babbar riga ya zo ku tace ƙasar nan tare. Kai ma ka amsa naka sakacin a gabansa, shi zai sauƙaƙa masa amsa nasa. In ya ƙi duka, ka sake rubuto mini, lokacin sai mu yi maganar mai gari. Hannunka dai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ƙasar nan bangon mahaifinku ce, a cikinta aka haife ku ku biyu. Ku tsince ƙusoshin, ku bar ta ta ciyar da jikokinsa. Ranar walima kuma ka je ka kama wa Inna kayanta, aljihunka ba komai.

Allah ya huci zuciyarka, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasar Batsari lafiya.

Gwaggo Ma'u