Jan Biro a Kan Waƙar Auta

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Baba da ke ɗan taɓa shi, amma har yau ya ƙi yarda da sanda.

Dalilin rubutowata shi ne waƙar da ka yi wa marigayiya Inna. Na san na ɓata maka rai da na mayar maka da ita jawur da jan biro, har matarka ta ce ka rantse ka daina rubutu. Ka yafe mini. Shekara talatin ina koyar da waƙa, hannu ya saba. In ban ga amsa-amo a ƙarshen layi ba, sai in ji kamar riga ce ba maɓalli. Na ƙirga gaɓoɓin ina buga tebur, na ga layukan ba su daidaita ba, na ce kari ya karye. Layin nan kuwa da ka maimaita sau huɗu, "ta bar ƙofa a buɗe", na soke uku, wai ɓarnar tawada.

Ranar Asabar na karanta wa Baba wadda na gyara. Ya ce ta yi daɗi, ya ci gaba da gyaran rediyonsa. Sai na ce bari ya ji taka, don ya yaba aikina. Da na karanta a fili, kunnena ya kama abin da idona bai gani ba. Kowane baiti ya fi wanda ya gabace shi gajarta, kafin in kai ƙarshe numfashina ya koma sama-sama, irin na Inna a makonta na ƙarshe. Ashe karin yana nan, ni ce na neme shi inda ba ya nan. A maimaici na uku Baba ya ajiye sukudireba. A na huɗu ya ce tun ranar da ka bar gida, Inna ba ta yarda an rufe ƙofar ɗakinka ba, ya tambaye ni wa ya gaya maka. Na ce ba kowa. Sai kuka ya ƙwace mini, ga kunya kamar in nutse.

Don Allah kada ka ajiye alƙalami saboda karambanina. Ka gaida matarka da 'yan biyu, maigidana da Goggo suna gaishe ku. Baba ya ce ka zo ka karanta masa da bakinka. Ƙofar tana nan yadda Inna ta bar ta.

Yayarka mai jan biro,
Malama