Katin Kawu Sale

Talata, bayan isha'i

Yau Kawu Sale ya zo asibitinmu da ƙafar da mai ɗori ya ɗaure masa. Mugunya take zubarwa, ciwon ya kai ƙashi. Idan na rubuta sabon ciwo a katinsa, ƙwaya za a ba shi ya koma gida. Idan daɗaɗɗe ne, sai an tura shi Kano an kankare ƙashin.

Ya ce min sati biyu ne, alhali maƙwabcinmu ne, tun lokacin shuka nake ganin yana ɗingishi.

"Rubuta sabo, 'yar nan. Gero ya nuna, wa zai girbe min a wannan tsadar?"

Daɗaɗɗe na rubuta. Ya fita bai sa min albarka ba. Ya yi ta fushinsa, in dai ƙafar za ta tsira.