Ƙararrawar Murshid Safar

Kirman, 2 ga watan Esfand

Badri jan, hasken idona,

Gaisuwa mai nauyin buhun fulawa goma. Da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Mahin da mijinta, da jaririn nan Kamran da ban gani ba tukuna. Yaya sanyin Mashhad, yaya ƙafarki? Ni lafiya ƙalau kamar zaki, sai dai zakin da ba mai dafa masa shinkafa. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san alƙalami tsoron hannuna yake ji.

Kin ce yaron da ni ya yi kama. To da wa zai yi kama dama? Allah Ya ba shi kafaɗata, Ya tsare shi da hancin ubansa.

Yanzu ki zauna ki ji labari. Pahlawan Yadullah, gwarzon da ke jan mu, gwiwa ta ƙi, ya ce daga Noruz, bikin sabuwar shekara, ya bar tsakiyar ramin wasa a zurhana, gidanmu na motsa jiki. Za a sa wani ya tsaya wurin yana jan maza motsa jiki, kuma daga ranar, duk sanda ya sunkuyo ta ƙaramar ƙofar nan, Murshid Safar zai ajiye ganga ya buga masa ƙararrawa. Waye wannan wani? Shekara talatin da ɗaya ina juya taɓaren katako a ramin nan, har katakon ya san sunana. Kin tuna satin da aka kawo ki, na hau da ke soro na nuna miki rufin zurhana, na ce wata rana daga nan za ki ji an buga ƙararrawa don mijinki? Kika yi dariya har da riƙe ciki. To ki wanke kunne, ranar uku ga Noruz ne taron.

Af, Faraj ya dawo daga Abadan. Wancan dai mai baitoci, wanda uwarsa ta riga tawa zuwa gidanku neman aurenki. Shekara ashirin kan kujerar ofis, ya ajiye tumbi kamar randa, wai shi ma ya dawo rami. Murshid yana rera baitocin jaruman dā, shi yana ƙarasa masa, dattawa suna ta gyaɗa kai. Na ce, Faraj, a nan da kafaɗa ake karatu ba da leɓe ba. Kowa ya fashe da dariya. Ni ko a jikina.

Na ga kin ce in gaishe shi. Wa ya gaya miki ya dawo?

Na jiƙa alkamar da ake tsirarwa don Noruz kamar yadda kika ce. Ki sumbatar min goshin yaron.

Mijinki da babu irinsa a Kirman,
Hishmat mai gurasa


Kirman, 10 ga Esfand

Badri jan,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya, babba da jariri. Ni ma lafiya, abinci ne dai ba ya wucewa.

Gara ki ji daga bakina kafin matan layi su rubuto miki.

Ranar Juma'a mun gama motsa jiki, ana shan shayi a bakin rami, sai Pahlawan Yadullah ya dafa ni ya ce, Hishmat, tsakiya taka ce. Badri, abin da nake jira ke nan. Amma ni ɗan mutunci ne, ba zan cafke kamar mayunwaci ba. Na ce, haba Pahlawan, ni ai ƙurar takalminka ce. Ya sake tayi, na ƙi. Ya yi na uku, na ƙi. Kin san a na huɗu ake karɓa, har na shirya yadda zan sunkuyar da kai.

Sai na hango Faraj yana wani murmushi. Na ce bari in yi irin ƙin da za a shekara ana labari, ya san ko a ladabi na fi shi. Na miƙe, na buɗe murya na ce, ga Aga Faraj nan mai ilimi, na rantse da ran jikana Kamran ya fi ni cancanta!

Ina ta jiran tayi na huɗu. Murshid ya ajiye kofinsa a hankali. Pahlawan Yadullah ya dube ni ya ce, ɗana, da ran jariri ka rantse, wa zai matsa maka ka ƙaryata kanka a kansa? Faraj ya ce, Hishmat, don Allah janye, wasa kake. Murshid ya ce, wannan ba a janye ta. Shi ke nan, aka yi salati, aka ba Faraj.

Da hannuna, Badri! Da bakina! Mutumin da rubutu ya lanƙwasa wa baya. Jiya ya wuce ta gaban tanda, mutanen da ke layin gurasata suka dare suna cewa bismillah Pahlawan. A gabana! Na ba shi wadda ta fi ƙonewa, ya ce ya gode, abin ya ƙara ba ni haushi.

Tun muna yara haka yake. Ni in yi gumi, shi ya buɗe baki ya zubo baiti biyu a ce kai, madalla. Ke ma na san kina son baitoci. Ban manta yadda kike tsayar da wankin shinkafa in ana rerawa a rediyo ba. Ban ce komai ba, faɗa kawai na yi.

Kada ki yi gaggawar dawowa. Mahin tana bukatarki, ki yi Noruz a can. Soron ma yana yoyo, ba ya hawuwa.

Kin sake cewa in gaishe da Faraj. Sau biyu ke nan, ina ƙirgawa.

Naki,
Hishmat


Kirman, 19 ga Esfand

Badri jan,

Yaya jikin yaron? Wannan ce gaisuwata yau, ba ni da wata. Yana kama nono? Me likita ya ce? Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Da na karanta zazzaɓi ne, gurasa takwas ta ƙone a kan tsakuwar tanda ina tsaye ina kallo. Kin ce sanyi ne kawai. Ni na san ba sanyi ba ne. Na rantse da ransa a kan Faraj ya fi ni, kuma Faraj bai fi ni ba. In ya zo juyin nan na tsaye, irin na katantanwa, zagaye uku yake yi ya rungumi bango. Rantsuwar ƙarya a kan wa za ta sauka? Ba a kaina ba, ni da wuyana kamar na bijimi.

Na yi tunani har kaina ya yi zafi. Janyewa ba ta yiwuwa. Abu ɗaya ya rage, rantsuwar ta zama gaskiya.

Da azahar na rufe tanda na je na buga masa ƙofa. Ya fito da littafi a hannu. Na ce, ajiye wannan, ɗauko wandon rami. Ya ce, lafiya? Na ce, lafiyar ce ta kawo ni, malam randa, wuce mu tafi.

Kwana huɗu ke nan, kullum da azahar mu biyu a zurhana. Na hana shi romon rago, na hana shi alewar dabino. Har sirrin babana na ba shi, wanda ko surukinmu ban gaya wa ba: in za ka yi juyi ka kafa ido kan babban yatsan hannunka, ka bar duniya ta yi ta yawonta. Da na faɗa masa sai da na ji kamar an cire min haƙori. Jiya ya yi zagaye arba'in bai faɗi ba. Raina ya yi daɗi, ya kuma ɓaci, duk a lokaci ɗaya.

Yana haki ya ce, Hishmat, me ya sa kake min haka? Na ce, ba don kyan fuskarka ba. Ya ce, Badri Hanum ta yi dacen miji. Na ce, wa ya ba ka izinin kiran sunanta? Kwanta ka ƙara min ɗaga ƙirji hamsin.

Ki je hubbaren Imam ki yi wa yaron addu'a. Ki ce kakansa jaki ne, kada a kama shi da laifin jaki.

Hishmat


Kirman, 5 ga Farvardin

Badri jan, hasken idona,

Barka da sabuwar shekara, ke da duk mutanen gidan. Saƙonki na waya ya iso ranar jajibiri. Zazzaɓi ya sauka! Na raba gurasa kyauta har tanda ta huce, na rungumi ɗan sandan layi, ya zaci na zare. Yaya ƙafarki? Alkamarki ta tsiro kore shar, ta fi ta duk maƙwabta, kin san hannuna.

Shekaranjiya aka yi taron. Zurhana cike, har kan matakala. Na riga kowa zuwa, na tsaya bakin rami. Faraj ya sunkuyo ta ƙofa, Murshid Safar ya miƙa hannu ya buga ƙararrawa. Ba zan ɓoye miki ba, a cikin haƙorana na ji ta. Na gode Allah ba kya kan soro. Amma da aka ce a yi salati, muryata ce ta fi ta kowa, don rantsuwa ba a yi mata rabi da rabi.

Ya shiga tsakiya ya nemi izinin dattawa. Murshid ya ɗauko baitin jarumin nan da ya kayar da abokin gaba sannan ya miƙa masa hannu, Faraj ya amsa masa, maza ashirin suka motsa kamar mutum ɗaya. Da aka zo juyi ina ƙirga masa a zuci. Saba'in da biyu, Badri. Ni ban taɓa wuce sittin da biyar ba. Ya tsaya cak, ido kan yatsa, ko tangaɗi babu.

To ga shi na rubuta da hannuna, ki ajiye takardar a ƙarƙashin matashin Kamran: ranar uku ga Noruz Faraj ya fi ni cancanta. Rantsuwata gaskiya ce. Ranar kawai na ce, kada ki ƙara min ko kwana ɗaya. Kuma ki tambayi kanki wa ya koya masa.

Da aka watse ya zo zai sumbaci kafaɗata a gaban mutane, wai ni ne malaminsa. Na ce a'a sau uku. Na huɗu na tsaya ya sumbata, bakina kuma a rufe gam.

Alkawarin soro ban cika ba. Ki dawo haka nan, shinkafar da nake dafawa ko kaji sun ƙi ta. Ki taho da za'afaran da hoton yaron.

Gaisuwarki ga Faraj kuma, guda uku yanzu, suna nan a wurina ban isar ba. Na ba shi tsakiya, na ba shi ƙararrawa, na ba shi sirrin babana. Wannan kam ba zai samu ba.

Mijinki har gobe,
Hishmat mai gurasa