Takalman da Suke Kallon Waje

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina fatan kana cikin rahama. Daga ɗakina a unguwar Suwaidi, nan ƙasar Larabawa, nake rubuto maka, shekara huɗu da rasuwarka.

Baba, duk gidan da ka shiga sai ka juya takalmanka su kalli waje. Mun sha yi maka dariya a kan haka. Kai kuwa sai ka ce gado ne daga kakanmu, malamin da ya yi wa sarakuna alƙalanci ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Ka ce ya yi yawon neman ilimi har furfura ta fara fito masa, sannan sarki ya kira shi fada. Kullum a bakin zaure yake juya takalmansa, don ranar da aka nemi ya karkata hukunci ya fita ba tare da ya tsaya lalube ba. Sau biyu aka tuɓe shi, aka dawo da shi. A karo na uku bai koma ba, ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa a ƙofar gidansa.

Ni dai na ɗauka hirar tsofaffi ce.

Makon jiya wani magini, Isiyaku, ya faɗo daga hawa na biyu a ginin da nake aikin injiniya, ya karye a ƙugu. Kafilina, wato maigidan da ya tsaya mini a kan aiki da zama a ƙasar nan, ya kira ni gidansa a unguwar Nasiriya. Aka zuba gahawa, aka turo dabino, sannan ya miƙo takarda in sa hannu cewa Isiyaku ne ya ƙi ɗaura igiyar tsaro. Baba, ba a ma ba magina igiyar ba. Ga iƙamata, takardar izinin zama, saura wata guda ta ƙare, sabunta ta kuma a hannun kafilin yake. Ga jikokinka biyu suna makaranta a nan.

Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Na daɗe riƙe da biro. Can na ajiye, na ba shi haƙuri, na miƙe na fita.

A bakin ƙofa na tarar da takalmana suna kallon waje. Wallahi ban san sa'ad da na juya su ba. Nan hawaye suka zo mini, Babana.

Har yau kafilin bai kira ni ba. Wataƙila gida za mu dawo.

Allah ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da kakanmu a Aljanna, ya ba Isiyaku lafiya. Ka yafe mini dariyar nan.

Ɗanka,
Nura